Stamena Mai Rubutun Alhamis

A kan kujerar kicin aka hau da Stamena bene ranar da asibiti suka sallamo ta. Direban motar asibitin ya kama ƙafafun kujerar, mai duba mitar wuta da tsautsayi ya kawo shi gidan a daidai lokacin ya kama bayanta, mijinta Gavra yana biye da silifas ɗinta a hannu. Ita kuwa ta rungume kwamfutarta a ƙirji, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

Zorka tana tsaye a bakin ƙofarta a hawa na biyu, yatsunta baƙi ƙirin da ɓawon gasasshen tattasai.

"Sarauniyar intanet ta dawo," ta ce. "Har da 'yan dako."

"Yi haƙuri, maƙwabciya, ranarki na nan tafe. Ke mutum huɗu za ki samu. Ni biyu aka ba ni, ɗayan ma mai mita ne."

"Kawo abin nan in riƙe miki kafin ki faɗo da shi."

"In ba ki ki ɗora tukunya a kai?"

Mai mita ya yi dariya har kujerar ta karkace. Zorka ba ta yi ba. Ta ga wuyan Stamena, ta ga zoben aure ya koma yatsan tsakiya don kar ya zame, sai ta matsa ta ba su hanya. Aka wuce da mai ciwo hawa na uku.

Ni Persa a ƙasa nake, kusa da akwatunan wasiƙa. Tare muka shigo gidan nan mu uku, lokacin da masaƙar garinmu Leskovac take raba wa ma'aikatanta ɗakuna. Abin da ban gani da idona ba Zorka ce ta gaya mini daga baya, a kicin ɗinta, ba don na tambaye ta ba.

Zorka a gaban injin saƙa ta ƙare ƙuruciyarta, wannan mako aikin safe, wancan na yamma. Mijinta ya mutu 'yarsu Nevena tana rarrafe. Stamena kuwa a ofishin masaƙar take buga takardu, tana tashi da wuri, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Don haka yarinyar a hawa na uku ta girma. Can take aikin makaranta, can ake taje mata kai, can haƙorinta na fari ya fita. Zorka takan dawo da auduga a gashi, ta hau ta ɗauko 'yarta, yarinyar tana riƙe da ƙafar tebur tana cewa ita ba za ta sauka ba. A wancan lokacin Zorka ba ta da ƙarfin kishi. Gajiya ta fi shi.

Sai da tsufa ya zo kishin ya samu wurin zama. Masaƙa ta rufe. Nevena ta tafi ƙasar waje, birnin Graz, tana wanka da ciyar da tsofaffin wasu, zuwanta gida ya yi wuya. Stamena, da yake yatsunta ba su manta aiki ba, ta sayi tsohuwar kwamfuta ta fara rubutu a wani shafi da matan ƙasarmu mazauna waje suke karantawa. Shafin yana sa talla a gefen rubutu, ya raba kuɗin da wanda ya rubuta: yawan masu karanta ka, yawan rabonka. Ta raɗa wa kanta suna Inna Mena. Duk Alhamis sai ta fitar da abu ɗaya. Yadda ake tuƙa ajvar, miyar gasasshen tattasai, kar ta kama, yadda ake jiƙa kabejin hunturu, abin da ake shafa wa yaro a ƙirji in yana tari, wani lokaci ma labarin titinmu ne kawai. Da farko dariya muke yi mata. Da ta cire tsofaffin tagoginta ta sa masu tare sanyi, ni dai na daina.

Ba tagogin ne suka ci ran Zorka ba, ko da yake ta ce farinsu kamar na ɗakin tiyata. Wayar ranar Lahadi ce. Nevena za ta kira, ta tambayi hawan jini, ta tambayi ko saƙo ya iso, duk da murya ɗaya irin ta mai cika umarni. Sannan sai muryar ta buɗe: "Mama, kin ga abin da Inna Stamena ta rubuta kuwa?" Daga nan hirar take samun rai.

Washegarin sallamar Zorka ta hau da romon kaza. Ta tarar an ja gadon zuwa jikin taga, Stamena ta jingina da matasai, kwamfutar tana kan katakon da take murza ƙullin fulawa. Gavra yana kicin ya ƙure talabijin, don kunnensa ya daɗe da yin ritaya.

"Me likitan ya ce?"

"Ya ce in ci duk abin da raina yake so. Kin san fassarar wannan."

Zorka ta ajiye kwanon da ƙarfi fiye da yadda ta yi niyya. "To ki rufe abin nan ki huta mana. Wa zai mutu in bai ji yadda ake dafa wake ba?"

"Zauna in gaya miki. Shafin nan ba ya jiran mai ciwo. Ka yi fashi kaɗan, su tura sunanka can ƙasa, tsofaffin rubuce-rubucenka ma su daina nuna wa mutane, kuɗi ya tsaya cak. Amma ana iya rubutawa a ajiye, a sa wa kowanne ranarsa, ya fito da kansa. Yanzu na rubuta har zuwa bikin Ista. So nake in kai kaka mai zuwa."

"Kina kabari kina koya wa mutane girki."

"Ina kabari tsohon can yana biyan kuɗin ɗumama ɗaki. Kin san abin da fanshon jirgin ƙasa yake iya saya." Ta yi tari, ta jira ya wuce. "Masu karatu kar su sani. Wa zai karɓi maganin tari a hannun gawa?"

"Ni wa na sani a cikinsu balle in gaya masa?"

"Kin san ɗaya. Ita daban ce. Nevena ki gaya mata."

"Ba kina da lambarta ba? Ba kullum kuna ta rubuce-rubucenku ba?"

"Wannan ba maganar da zan tsallake ki in yi ba ce. Uwa ce ke kiran 'ya gida." Ta ɗauki cokali ta juya romon ba ta sha ba. "So nake in gan ta, Zorka. Tun ina kama da mutane."

"Zan gaya mata," in ji Zorka.

Da niyyar ta sauko. Amma a tsakiyar matakala ta tsaya ta dafa ƙarfe. Bara aka yi mata aikin matsarmama, ta kwanta a asibiti, ni nake kai mata abinci. Nevena ta aiko da kuɗi da maganin ƙarin jini, ta ce ba a ba ta hutu ba. Zorka ba ta yi ƙorafi ba, ta ma riƙa kare ta a wajen mutane. Yanzu kuwa ta san abin da zai faru kamar an nuna mata a majigi: ta faɗi sunan Stamena da ciwon, yarinyar ta ajiye tsofaffin Graz ta hau motar farko. Ba ƙin zuwan yarinyar take tsoro ba. Zuwan take tsoro.

Ranar Lahadi waya ta yi ƙara.

"Mama, na yi ajvar irin na Inna Stamena. Gidan duk ya ɗau ƙamshi, har mutumin da ke sama ya buga ƙofa yana tambaya ko gobara ce."

"Irin na Stamena. Stamenar da ba ta taɓa tsayawa kan tukunya ta kai ƙarshe ba, wai hayaƙi yana sa mata ciwon kai. Wa kike tsammani yake tuƙawa a tsakar gida duk shekarun nan?"

"Mama, don Allah kar ki fara."

"Ban fara komai ba."

"Lafiyarta ƙalau dai? Na kira ba ta ɗauka ba."

Ta bututun ɗumama ɗaki ana jin tarin hawa na uku. Zorka ta juya wa bututun baya.

"Kin san manyan marubuta. Ina suka ga lokacin talakawa."

Nevena ta yi dariya, ta ce ai ta ga sabon rubutu ranar Alhamis, Inna tana nan da bakinta. Suka yi sallama. Zorka ta ce a ranta Lahadi mai zuwa.

Lahadi mai zuwa ta zo ta wuce, da wadda ke bayanta. Aka gama tattasai, aka shiga kabeji, ganyen bishiyoyin titinmu ya zube. Duk Alhamis Inna Mena tana fitowa a shafi da raha da barkwanci, Stamena kuwa tana ƙanƙancewa a gado har ba a ganin tudun ƙafafunta a ƙarƙashin bargo. Tana ci gaba da bugawa, da yatsa biyu yanzu, tana hutawa tsakanin layi da layi.

Kar wani ya ce Zorka ba ta yi jinya ba. Ita take mata wanka, ita take juya ta, ita take wanke zanen gado ta shanya a barandarta. Ita ta yi faɗa da ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa yin allura a kan hannunta ya yi sanyi. Gavra yana son matarsa amma ko shayi bai iya haɗawa ba, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Babu abin da Zorka ba ta yi wa Stamena ba, sai abu ɗaya.

"Kin yi magana da yarinyar?"

Zorka tana matse tsumma a roba. Ba ta ɗago ba.

"Na gaya mata. Ta ce ma'aikata sun yi musu ƙaranci, ba a ba da hutu sai bayan sabuwar shekara. Tana gaishe ki."

Stamena ta daɗe tana kallon taga.

"Haka ne," ta ce. "Tsofaffin can ma suna da haƙƙi a kanta." Ta jawo katakon fulawa ta ci gaba da bugawa.

Da idonta ya fara gajiya, sai ta roƙi Zorka ta riƙa karanta mata abin da masu karatu suke rubutawa a ƙarƙashin kowane rubutu. Zorka aji huɗu ta yi, da yatsa take bin layi, tana yi tana sharhi.

"Wata daga Toronto ta ce kabejinta ya yi yauƙi. To ba dole ba, kabejin Toronto. Wata daga Malmo ta ce ke ce uwar da ba ta da ita. Ji munafurci, ta je ta nemi tata uwar mana."

"Karanta kawai, ba wanda ya naɗa ki alƙali."

Zorka ta gangara da yatsa, sai yatsan ya tsaya. Ga sunan 'yarta, ga ɗan hotonta a gefe.

"Wace ce?"

"Nevena ce."

"To karanta mana."

Zorka ta karanta a hankali. "Inna, na yi miyar waken nan yau bayan na tashi aiki, na zauna ni kaɗai na sha. Na tuna teburinki da ledar nan mai hoton lemo, da yadda kike hura mini cokali."

Akwai sauran layi biyu a ƙasa. Yarinyar tana tambaya me ya sa Inna ta daina ba da amsa, ko laifi aka yi mata ne, ko kuwa suna ne ya yi mata yawa kamar yadda Mama ta ce. Zorka ta karanta su da ido, ta rufe bakinta.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Stamena ta dube ta. Idanunta sun yi girma a fuskar, kuma ba su yi saurin barin Zorka ba.

"Yarinyar nan ba ta saba gajarta magana ba," ta ce.

Zorka ta tashi ta shiga kicin wai za ta ɗora ruwa. Ledar mai hoton lemo tana nan a kan teburin, ta koɗe, an liƙe wani gefen da salatif. Ta tsaya tana kallonta. Nata teburin ma yana da leda, mai jan fure, ta fi wannan kyau, a kanta ta yanka wa yarinyar nan burodi shekara da shekaru. Babu wanda ya taɓa zama a wata ƙasa ya tuna ta.

Bayan 'yan kwanaki muryar Stamena ta tafi, sai raɗa. Wata rana da hantsi Zorka tana taje mata sauran gashin da ya rage, wayar da ke kan durowa ta fara ƙara, fuskar Nevena ta cika gilashin. Stamena ta miƙa hannu, sai ta mayar.

"Bar shi," ta raɗa. "Haƙuri za ta ba ni. Ta ji wannan muryar ta kama kuka a gaban tsofaffin mutane. Me ya yi zafi."

Wayar ta yi ta ƙara tana zagaya kanta a kan katako. Zorka tana tsaye da mataji a hannu. Taku ɗaya ne tsakaninta da durowar. Ta tsaya har wayar ta yi shiru, sannan ta ci gaba da tajewa.

A makon ne na gamu da ita a tsakar gida tana zubar da shara. Na ce, "Wai yaushe Nevena za ta zo ne? Matar nan fa ba ta da nisa."

Ta rufe garwar da ƙarfi.

"Ni na haife ta, Persa. Ni na shaƙi audugar da ta ciyar da ita, har yau ina tofar da ita da safe. Waccan ta hura mata cokali, shi ke nan ta zama uwa. Ni da aka yanka ni, kuɗi aka aiko mini. Kuɗi, kamar mai bin bashin wuta."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

"Aiki ya riƙe ta," ta ce, ta shige.

Na ɗauka haushin rashin zuwan yarinyar take ji. Har na ɗan zagi Nevena a raina, Allah ya yafe mini.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe an tashi da ruwa haɗe da ƙanƙara. Zorka ta hau da safe ta tarar numfashin ya canza, yana ja yana tsayawa. Kwamfutar tana ƙasa a jingine da bango, rabon da a buɗe ta tun farkon mako. Gavra yana zaune a gefen gadon da takalminsa a ƙafa, kamar mai jiran jirgi.

Stamena ta buɗe ido. "Yau wace rana?"

"Alhamis."

"Kabeji ne yau," ta raɗa, har da ɗan murmushi. Ta sake lumshewa.

Zorka ta sauko da gudu kamar ba mai ciwon gwiwa ba. Ta ɗauki wayarta, ta danna sunan Nevena. Ta yi ta ringi. Nevena tana aikin safe, a wajen aikinsu kuwa a loka ake kulle waya. Ta sake kira. Ta sake. Rubuta saƙo ba ta iya da sauri ba, kuma ba ta san da wace kalma za ta fara ba. Ta sa wayar a aljihun rigar kicin, ta buga mini ƙofa, muka hau tare.

Wajen azahar Stamena ta sake buɗe ido. Zorka tana tsaye tsakaninta da taga, haske a bayanta, ta cire ɗankwali saboda zafin ɗakin. Dama tsayinsu ɗaya da 'yarta, kafaɗarsu ɗaya. Stamena ta ɗaga yatsu daga kan bargo.

"Kin zo."

Zorka ta dube ni.

"Nevena. Kin zo, 'yata."

Zorka ta durƙusa a gaban gadon, ta kama yatsun.

"Na zo, Inna."

"Sun ba ki hutu."

"Sun ba ni."

"Kin ga uwarki? Ki fara shiga wajenta. Za ta ji haushi."

"Zan shiga."

Daga nan Stamena ba ta ƙara magana ba. Gavra bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga fuskokinmu, ya tashi ya ɗauko kyandir ɗin da aka tanada, ashana tana ta karyewa a hannunsa har na karɓa na kunna. Kafin kyandir ɗin ya ci rabin yatsa ta cika. Na buɗe taga, sabuwar tagar da rubutu ya saya, na lulluɓe madubi da tawul. Zorka tana nan a durƙushe, ba ta saki hannun ba sai da na ɓamɓare ta.

Da la'asar sakaliya, muna kicin ɗin Zorka muna wanke alkamar da za a dafa wa mamaciya, aljihunta ya fara ƙara. Ta goge hannu a jikinta. Ɗakin shiru ne, ina jin komai.

"Mama, na ga kin kira har sau uku, lafiya? Yanzu na tashi. Kin ga na Inna na yau? Wai kabejin da aka jiƙa da fushi ba ya daɗi. Na yi dariya a mota har mutane suna kallona."

"Nevena."

"Na'am?"

"Stamena ta rasu. Ɗazu da azahar."

Ana jin ƙarar mota da maganar mutane da wani yare.

"Ta rasu kamar yaya? Yau fa ta yi rubutu."

"Tun tuni ta rubuta ta ajiye. Da kansu suke fitowa."

"Faɗuwa ta yi? Zuciya ce?"

"Ciwo ta yi."

"Tun yaushe?"

Zorka ta dafa bakin tebur.

"Tun lokacin tattasai."

"Tun lokacin tattasai," Nevena ta maimaita, a hankali, kamar mai lissafa Lahadin da suka wuce. "Ta tambaye ni?"

Na ɗauka Zorka za ta nemi wata hanya. Ba ta nema ba.

"Ta tambaye ki. Ta ce in kira ki. Na ce mata na kira, aiki ya hana ki."

Babu ihu, babu zagi. Ƙarar motar ce kawai ta ɗauke. Zorka ta ci gaba da riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci, sannan ta ajiye ta kifa, ta mayar da hannu cikin ruwan alkama.

"Kin ji," ta ce da ni.

"Na ji."

"To ki faɗi abin da za ki faɗa."

Ƙawata ce ta mutu a sama, ɗayar ƙawar tawa ce a gabana. Na miƙa mata matsami ta tsame alkamar.

Ranar Asabar aka binne ta. Gavra ya liƙa takardar sanarwar rasuwa mai baƙin gefe a ƙofar shiga gidanmu kaɗai, bai kai ta allon kasuwa ba, yadda Stamena ta umarce shi, kar wani ya ɗauki hoto ya kai wa masu karatu. Fada ya yi addu'a cikin ruwa, muka ci alkama cokali-cokali, maza suka sha barasarmu rakiya suka zuba kaɗan a ƙasa. Zorka ta yi ta waiwayen ƙofar maƙabarta. Ta kira sau da yawa tun ranar Alhamis ba a ɗauka ba. Ba ta san ko yarinyar tana hanya ba, ko kuwa ta gama da Leskovac da duk wanda ke cikinta.

Washegari da hantsi ina share bakin ƙofata tasi ta tsaya. Nevena ta fito da baƙar riga, ta rame, idanunta irin na wadda ta kwana a zaune a mota. Ta tsaya a gaban takardar, ta daɗe tana kallon hoton. Tsohon hoto ne na zamanin ofis, Stamena da gashinta a naɗe. Ta sumbace ni a kumatu, ta ɗaga akwatinta ta kama matakala.

Zorka ta ji tsayuwar tasin, ta leƙa ta baranda ta gani. Ta cire rigar kicin, ta sake mayarwa. Ta je bayan ƙofa ta tsaya, ba ta buɗe ba, ko ramin leƙe ba ta duba ba. Tana jin takun yana hawowa, da nauyi, yana hutawa a kowace kwana, akwatin yana bugun ƙarfe. Ya iso hawa na biyu. Ya tsaya.

Tana jin numfashin 'yarta ta bayan katako. Ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa tana jiran ƙwanƙwasawa.

Aka ajiye wani abu mai nauyi a ƙasa. Sai takun ya ci gaba, ba nauyi yanzu, ya hau sama. Aka buga ƙofar hawa na uku da tafin hannu, da ƙarfi, yadda duk wanda ya san Gavra yake bugawa. Ƙofar ta buɗe. Zorka ta ji muryar tsohon ta karye a kan sunan yarinyar, ta ji kukan da ba a yi mata a waya ba. Aka rufe.

Ta jima a tsaye kafin ta murɗa mariƙin. Akwatin yana kan tabarmar goge ƙafarta, jiƙe da ruwan hanya, hannunsa yana fuskantar ƙofa. Ta kama da hannu biyu ta ja shi ciki, ta jingine shi da bango a ƙarƙashin inda ake rataye riguna. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ƙofar ba ta rufe ba, ta bar ta a buɗe faɗin tafin hannu, sanyin matakala yana shigowa yana taɓa mata ƙafa.